Mudu Biyu a Kotun Joji O'Connor

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a ƙasashen da Ingila ta taɓa mallaka. Duk sa'ad da aka ji wani alƙali ya karɓi toshiya, ko takardun shari'a sun ɓace a kotu, sai wani dattijo ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki zamanin Turawa, lokacin da shari'a take shari'a!" Yara suna ji suna ɗauka, har waɗanda ba su taɓa ganin joji Bature da idonsu ba sun iya maganar. Ɓacin ran dattijon yana da dalili, gama cin hanci a kotu mugun abu ne. Amma maganar tasa ba gaskiya ba ce, barinta kuma ta zauna a zukatan yara haɗari ne. Wanda aka koya masa cewa adalci shi ne alƙali ya ƙi kuɗi kurum, to, zai yarda da kowane irin zalunci muddin an yi shi cikin tsabta da natsuwa.

Domin a gwada maganar, bai kamata a ɗauko mafi lalacewa cikin jojin Turawa ba. Sai a ɗauko ɗaya daga cikin waɗanda ake yabo, mutum mai ilimi, mai lambar yabo, wanda ba a san shi da cin hanci ba. Irin wannan mutum shi ne Sir Kenneth O'Connor, Babban Jojin ƙasar Kenya daga 1954 zuwa 1957.

An haifi O'Connor a 1896 a garin Ranchi na ƙasar Indiya, ya yi makaranta a Dublin ta ƙasar Ailan. A Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zama hafsa a rundunar sojan Indiya, ya yi yaƙi da Turkawa a ƙasar da ake kira Iraƙi yanzu, har aka ba shi lambar jarumtaka. Bayan yaƙi ya karanta shari'a, ya zama lauya a 1924, ya tafi Singafo ya yi ta aikin lauya. A 1942 sojojin Japan suka ci Singafo da yaƙi, shi kuwa ya tsere cikin ƙaramin jirgin ruwa zuwa tsibirin Sumatra. Mai karatu ya riƙe wannan a ransa. Mutumin nan ya ɗanɗana abin da ake ji sa'ad da baƙi masu bindiga suka shigo gari suka ce nasu ne.

Daga 1943 ya shiga aikin shari'a na gwamnatin mulkin mallaka. Ya yi aiki a Nyasaland, wato Malawi ta yanzu, ya zama Babban Lauyan Gwamnati a Malaya a 1946, sa'an nan a Kenya a 1948. A 1951 aka naɗa shi Babban Jojin Jamaika, a 1952 aka ba shi sarautar Sir. A 1954 aka komo da shi Kenya ya shugabanci kotunanta. A 1957 aka ƙara masa girma, ya zama shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Gabashin Afirka, inda ya zauna har ya huta a 1962. Ya rasu a 1985 yana da shekara 88. In tarihin aiki ne, ba abin kushewa a ciki. Tambayar ita ce, wane irin aiki kotunansa suka yi?

Kafin a amsa, sai an san yadda Kenya take a lokacin. Turawa 'yan kama-wuri-zauna sun karɓi tuddai masu ni'ima, aka keɓe musu su kaɗai, har ana kiran wurin tuddan Turawa. Mutanen ƙasa, musamman kabilar Kikuyu, aka tattara su a keɓaɓɓun wurare, wasu kuma suka zama 'yan ƙodago a gonakin da iyayensu suka noma. Wannan ƙwace da doka aka yi shi. A 1921 wani Babban Joji da ya riga O'Connor, mai suna Barth, ya yanke hukunci cewa mutanen ƙasa masu zaman aro ne a ƙasar Sarkin Ingila, ba su da haƙƙin mallaka ko a wuraren da aka keɓe musu. Ashe kotu ta riga ta faɗi ɓangaren da take tun kafin a harba harsashi ko ɗaya.

Da tura ta kai bango, ƙungiyar da aka sani da Mau Mau ta taso, tana neman ƙasa da 'yanci. An haramta ta a 1950, lokacin da O'Connor yake Babban Lauyan Gwamnati. Ran 20 ga Oktoba 1952 Gwamna Evelyn Baring ya kafa dokar ta-ɓaci. Aka yi ta ƙara laifofin da hukuncinsu kisa ne. Wanda aka samu da bindiga, kisa. Wanda aka samu yana cuɗanya da masu bindiga, kisa. Wanda ya ba mutane rantsuwar ƙungiyar, kisa. Aka kafa kotuna na musamman domin a hanzarta shari'a. Masanin tarihi David Anderson, wanda ya bi takardun kotunan nan, ya ƙidaya mutum 1,090 da aka rataye tsakanin 1952 da 1958. Cikinsu 346 ne kaɗai aka rataye saboda kisan kai. Sauran, fiye da 700, ba a tabbatar sun kashe kowa ba. Shekarar 1954 kuwa, wadda O'Connor ya hau kujerar Babban Joji, ita ce shekarar da igiya ta fi cin mutane.

Wannan shi ne mudun da aka auna wa baƙar fata. Yanzu a dubi wanda aka auna wa Bature.

A farkon 1953, a yankin Embu, aka kama wani Kirista mai suna Elijah Njeru, aka yi ta dukansa domin ya faɗi abin da ake so ya faɗa, har ya mutu. Turawa biyu aka gurfanar. A Kenya ta lokacin, idan ana tuhumar Bature da babban laifi, Turawa 'yan'uwansa ne suke zama su yanke ko ya yi laifi ko bai yi ba, maganarsu kuwa ita ce ke tsayawa. Waɗannan suka wanke mutanen biyu daga laifin kisa, aka same su da laifin duka kawai. Ɗaya aka ci shi tarar fam 100, ɗayan fam 50. Baƙar fata kuwa ba shi da irin wannan gata. Dattawa uku ake zaunarwa kusa da joji su ba shi shawara, in ya ga dama ya ɗauka, in ya ga dama ya watsar. Shari'ar Njeru ta riga zuwan O'Connor, amma wannan tsari shi ya tarar, shi ya shugabanta, shi kuma ya bari a bayansa. Cikin mutum 1,090 ɗin nan ba Bature ko ɗaya. Sai a Agusta 1960, bayan an ɗage dokar ta-ɓaci, aka fara rataye Bature a Kenya saboda ya kashe baƙar fata, wani mai suna Peter Poole.

A kasuwa, wanda yake saye da babban mudu yana sayarwa da ƙarami, sunansa macuci. Ko ya wanke mudun tas, ko ya cika shi har ya yi tozo, ko ya yi wa mai saye fara'a, sunan bai canja ba. Me ya sa za a ba kotu wani suna dabam?

Shari'ar da ta fi sa a tuna da O'Connor ita ce ta Dedan Kimathi, babban jagoran mayaƙan da ke cikin dajin Aberdare. An haifi Kimathi a 1920, ya taɓa makarantar mishan a Tumutumu. Gwamnati ta sa ladan fam 500 a kansa. Ran 21 ga Oktoba 1956, da asuba, wani ɗan doka ya harbe shi a bakin daji, aka kama shi da rauni a cinya. A watan Nuwamba aka yi masa shari'a a garin Nyeri, Babban Joji da kansa ya zauna, da dattawa uku 'yan Kikuyu masu ba shi shawara. Ba a tuhumi Kimathi da kisan kowa a shari'ar ba. Tuhumar ita ce an same shi da ƙaramar bindiga da harsashi shida. Shi kuwa ya ce ya fito ne domin ya miƙa wuya, ya kawo bindigar ne ya ba hukuma. Manyan shaidun gwamnati su ne 'yan dokan da suka harbe shi suka kama shi, su ne kuma masu rabon lada. Joji ya gaskata su, ya ƙaryata shi. Ran 27 ga Nuwamba 1956 ya yanke masa hukuncin kisa.

Gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta: an bi ƙa'ida. An ba Kimathi lauya, an sa tafinta, an saurari shaidu, dattawan uku ma sun ce yana da laifi. An ɗaukaka ƙara zuwa kotun Gabashin Afirka, ta ƙi. An kai kuka Landan, can ma aka ƙi. Ran 18 ga Fabrairu 1957 aka rataye shi a kurkuku, aka binne shi a kabarin da ba alama. A cikin shekarar nan aka ƙara wa O'Connor girma. Masu yabon jojin Turawa suna nuna wannan bin ƙa'ida su ce, "Ga adalci." Amma ƙa'ida hanya ce kawai, sai an duba inda ta nufa. Hanyar nan an share ta sarai, ba ƙaya ba tuntuɓe, ƙarshenta kuwa gindin igiya ne, gama doka ba ta bar wa joji wani hukunci ba in ya samu mutum da bindiga.

Masu kare shi suna da hujja uku, ya kamata a saurare su.

Ta fari, sukan ce joji ba ya yin doka, bin ta yake yi. To, wa ya yi dokar? A ranar da aka rataye Kimathi, babu baƙar fata ko ɗaya a majalisar dokokin Kenya wanda jama'a suka zaɓa da ƙuri'a. Baƙar fata na farko da ya shiga majalisar, Eliud Mathu, naɗa shi aka yi a 1944. Zaɓen farko na wakilan baƙar fata sai a Maris 1957 aka yi shi, wata guda bayan ratayar, kujera takwas kacal. Dokokin ta-ɓaci kuwa daga hannun gwamna suke fitowa. Wato waɗanda ake ratayewa ba su da baki a dokar da ke rataye su. O'Connor kuma ba baƙo ba ne a wurin yin doka, gama shekara uku ya yi yana Babban Lauyan Gwamnatin Kenya. Ban da haka, ba wanda ya ɗaure shi a kujera. Kanar Arthur Young, wanda aka kawo daga Landan ya shugabanci 'yan sandan Kenya a 1954, ya ga yadda ake azabtar da mutane, ya ga kuma gwamnati tana rufa wa masu yi asiri, sai ya ajiye aiki kafin shekarar ta ƙare. A ƙarshen shekarar nan wani joji mai suna Cram, wanda yake ƙasa da O'Connor, ya tona asirin wani sansanin dogarawan gwamnati a Ruthagathi, inda ake dukan mutane ana ƙwace musu kuɗi. Me gwamnati ta yi? A Janairu 1955 Gwamna Baring ya yi shelar ahuwa. An ce ahuwar ta mayaƙan da za su miƙa wuya ce, amma ta rufe laifofin da jami'an tsaro suka riga suka yi. Young ya tafi. Babban Joji ya zauna a kujerarsa, kotuna suka ci gaba da rataya.

Ta biyu, sukan ce Mau Mau masu kisa ne. Wannan gaskiya ne, wanda ya ɓoye shi kuma ya yi ƙarya. A Lari, cikin Maris 1953, sun ƙone gidaje da dare suka kashe mutum fiye da 70, yawancinsu mata da yara. Sun kashe Kiristoci 'yan Kikuyu da suka ƙi rantsuwarsu saboda bangaskiya, ikilisiyoyin Kenya kuwa suna tunawa da su har yau. Bisa lissafin gwamnati, farar hula baƙar fata fiye da 1,800 ne suka mutu a hannunsu, Turawa 'yan kama-wuri-zauna kuwa 32. Kimathi kansa mutum ne mai tsanani, har ga mabiyansa. Ba wanda ya ce kada a hukunta mai kisa. Amma a Lari ɗin nan, da gari ya waye, jami'an tsaro da dogarawan gwamnati suka yi ramuwar gayya, suka kashe mutane fiye da waɗanda aka kashe da dare. Saboda kisan dare an rataye mutum 71. Saboda kisan safe ba a rataye kowa ba. Jinin Kiristan da Mau Mau suka kashe da jinin Elijah Njeru duk jini ne. Kotun da ta biya ɗaya da igiya, ta biya ɗayan da tarar fam 50, ɓangare ta ɗauka a yaƙi, sai dai ta yi yaƙin cikin rigar alƙali.

Ta uku, sukan ce ba daidai ba ne a auna mutanen dā da ma'aunin yau. Ai ba ma'aunin yau ba ne. Canon Bewes na mishan ɗin CMS ya kai kukan azabtarwar nan Landan tun a Fabrairu 1953. Young ya ajiye aiki a 1954. Barbara Castle, 'yar majalisar Ingila, ta je Kenya a 1955 ta bincika da kanta. Waɗannan duka mutanen zamaninsa ne, Turawa irinsa, sun ga abin, sun kira shi da sunansa. Ingila ma a gida ba ta rataye mutum don kawai an same shi da bindiga. Abin da ba ta yarda a yi wa ɗanta ba, shi ta yi wa ɗan wani, gama wanzami ba ya son jarfa.

Akwai kuma masu cewa joji ba ya kamo masu laifi, wanda aka kawo gabansa shi yake yi wa shari'a. Haka ne, nan kuwa cutar take. Ran 3 ga Maris 1959, a sansanin Hola, masu gadi suka doki tsararru 11 har lahira saboda sun ƙi aikin tilas. Da fari gwamnati ta ce ruwa suka sha suka mutu. Bincike ya nuna duka ne ya kashe su. Ba wanda aka gurfanar a kotu. A lokacin O'Connor yana shugaban kotu mafi girma a Gabashin Afirka, ƙarar Hola kuwa ba ta taɓa zuwa gabansa ba, domin ba a shigar da ita ko'ina ba. In gwamnati ce take zaɓen wanda zai shiga ƙofar kotu, ta kawo abokan gābanta, ta ɓoye 'ya'yanta, to, tsabtar joji ado ce ga gwamnati. Ita ce ke sa duniya ta ce ana bin doka a Kenya. Joji mai cin hanci ba zai iya yi wa mulkin mallaka wannan hidima ba, gama ba mai gaskata shi. Sai mai suna mai kyau.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kenya ta sami 'yancin kai ran 12 ga Disamba 1963. A 2003 gwamnatin Kenya ta ɗage haramcin da aka sa wa Mau Mau. A 2007, shekara 50 cif bayan ratayar, aka kafa mutum-mutumin Kimathi a tsakiyar Nairobi, a kan titin da ke ɗauke da sunansa. A 2011, da waɗansu tsofaffi 'yan Kenya suka kai ƙara a Landan, gwamnatin Ingila ta amsa cewa tana ɓoye da dubban takardun mulkin mallaka da aka kwashe daga Kenya. A Yuni 2013 ministan harkokin wajenta, William Hague, ya tsaya a majalisa ya amsa cewa an azabtar da 'yan Kenya, aka biya mutum 5,228 diyya, wadda haɗe da kuɗin shari'a ta kai fam miliyan 19.9. Ingila da bakinta ta faɗi abin da masu yabon zamaninta suke musu. Amma ga waɗanda aka rataye, wannan ihu ne bayan hari. Matar Kimathi, Mukami, ta yi shekara fiye da 60 tana roƙo a nuna mata kabarin mijinta, ta rasu a 2023 ba ta gan shi ba.

Kada wani ya ɗauka ana wanke alƙalan yau ne. Alƙalin da ya sayar da shari'a saboda kuɗi macuci ne, ko baƙi ne ko fari, laifin O'Connor kuma ba ya rage nasa ko da ƙwayar gero. Abin da ake ƙi shi ne a mai da zamanin mallaka madubi, a ce wa yara can ne adalci yake. Wanda ya gaskata haka zai riƙa yi wa alƙali tambaya ɗaya tak, ko ya ci hanci, alhali tambayoyin sun fi haka. Wa ya yi dokar da yake hukunci da ita, waɗanda take hawa kansu suna da baki a ciki? Mai ƙarfi yana tsayawa a gabansa kamar yadda talaka yake tsayawa? In gwamnatin da ta naɗa shi ta yi laifi, yana iya duban idonta? In kuwa ya ga an mai da kotunsa makami, yana da zuciyar da zai tashi daga kujera?

O'Connor ya ci jarrabawar hanci, amma a sauran tambayoyin tarihin kotunansa ya ba da shaida a kansa. Saboda haka, in dattijo ya sāke cewa a zamanin Turawa ne shari'a take shari'a, yaro ya rusuna cikin ladabi ya tambaye shi, "Baba, shari'ar wa, ta Elijah Njeru ko ta waɗanda suka kashe shi?"